Alaji da Jiri: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar hunturu ya kankama, ko ƙarshen damina lokacin da ciyawa ke fure, masu fama da atishawa da toshewar hanci kan zo asibiti da ƙorafi na biyu: kai ya yi nauyi, kunne ya toshe, ƙasa kamar tana lilo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake yawan maimaitawa a ɗakin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Adadin magani da aka ambata na manya ne, sai inda aka faɗi akasin haka. Batun yara da masu ciki da tsofaffi yana tambaya ta 14.

1. Da gaske ne alaji yana sa jiri?

Yana sa wa, ta hanyoyi uku da ba su yi kama da juna ba. Ta farko, hanci ya kumbura ya toshe bututun da ke kai iska cikin kunne, sai mutum ya ji kai ya yi masa dum, tafiya ba ta daidaita sosai (tambaya ta 4). Ta biyu, maganin da aka sha don alajin shi ne ke kawo jirin, kuma wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato (tambaya ta 6). Ta uku ita ce mai hatsari: alaji mai tsanani da ke saukar da jini cikin mintuna, wanda jiri ke zama gargaɗin cewa suma na tafe (tambaya ta 7).

Abin da alaji bai cika haifarwa ba shi ne hajijiya mai ƙarfi, irin wadda ɗaki ke juyawa har mutum ya riƙe bango yana amai. Wannan galibi tana da wani dalili nata a can cikin kunne ko a ƙwaƙwalwa, ko da kuwa mai ita yana atishawa.

2. Mene ne alaji, kuma me ya bambanta shi da mura?

Alaji kuskure ne na garkuwar jiki. Abu marar cutarwa, kamar ƙurar fure ko gashin kyanwa ko gyaɗa, sai jiki ya ɗauke shi abokin gaba, ya ƙera masa wani makami da likitoci ke kira IgE. Duk ranar da abin ya sake shigowa, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fatar cikin hanci da ido da huhu da fatar jiki su saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Idan a fata abin ya fito, da rudu-rudu masu ƙaiƙayi, shi ake ce wa borin jini.

Mura kuwa ƙwayar cuta ce ake ɗauka daga wani. Takan zo da kasala, ciwon maƙogwaro, wani lokaci zazzaɓi, ta wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Alajin hanci ba ya zuwa da zazzaɓi. Alamarsa atishawa a jere, biyar ko goma ba hutu, majina tsararo kamar ruwa, ƙaiƙayin hanci da ido da ganɗa, kuma yana iya ɗaukar makonni ko watanni muddin abin da ke tayar da shi yana nan. Wanda ke cewa “ni kullum cikin mura nake” yawanci alaji ke damunsa.

3. Jiri da hajijiya ba abu ɗaya ba ne?

A bakin mutane ana musanya su, har da juwa, amma ga likita bambancin shi ne rabin gano cutar. Akwai jin kamar za a suma: ido ya yi duhu, jiki ya saki, musamman idan an miƙe tsaye da sauri. Wannan jini ne bai isa ƙwaƙwalwa ba. Akwai jin abu yana juyawa, ɗaki ko gado ko mutum kansa, kamar yaron da ya gama wasan hajijiya ya tsaya. Wannan daga sashen daidaito na kunne yake, ko hanyoyinsa a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma tangaɗi da nauyin kai, ba juyawa ba suma, mutum dai ba ya jin ƙafarsa ta kama ƙasa da kyau. Jirin toshewar hanci da na magungunan alaji sun fi faɗawa a wannan kashi na uku.

Saboda haka idan ka je asibiti, kada ka tsaya a “ina jin jiri”. Faɗi yadda yake, daƙiƙa nawa ko awa nawa yake ɗauka, me kake yi idan ya taso, kuma ko ji ya ragu a kunne ɗaya.

4. Ina ruwan hanci da kunne har toshewar ɗaya ta taɓa ɗaya?

A bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, shi ne tsakiyar kunne. Ƙofarsa guda ce tak: wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 3 da rabi a jikin babba, wanda ya gangaro ya buɗe a can bayan hanci, saman maƙogwaro. A rufe yake zama, sai an haɗiyi yawu ko an yi hamma yake buɗewa na ɗan lokaci, iska ta shiga, matsin ciki da na waje su zo daidai. Ƙaras ɗin da kake ji a kunne idan mota tana hawa tudun Jos, ko jirgi na sauka, buɗewar wannan bututu ce.

Fatar da ta lulluɓe cikin hanci ita ce ta zarce cikin bututun. Idan alaji ya kumbura ta, bakin bututun sai ya matse. Iskar da ta rage a tsakiyar kunne jiki na tsotse ta a hankali, ba a kuma sake cika wurin ba, sai dodon kunne ya lotsa ciki. Daga nan mutum zai ji kamar ruwa ya shige masa kunne bayan wanka, maganar mutane ta yi nisa, tasa muryar kuma ta riƙa yi masa amsa-kuwwa. Idan abin ya daɗe, ruwa mai yauƙi kan taru a wurin.

Bango ɗaya ne tsakanin wannan ɗaki da kunnen ciki, inda ma'aunin daidaito yake: bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi. A bangon akwai tagogi biyu masu laushi da canjin matsi ke iya ratsawa. Ƙwaƙwalwa kullum tana gwada saƙon kunnen dama da na hagu, tana haɗawa da abin da ido ya gani da abin da tafin ƙafa ya ji. Idan kunne ɗaya ya toshe ɗaya bai toshe ba, saƙonnin sai su saɓa, mutum ya ji tangaɗi. Matuƙan jirgin sama da masu nutso cikin teku sun san wannan sarai, domin su bambancin matsin kan kai su ga hajijiya ta gaske na ɗan lokaci. Ga wanda ke zaune a gida abin bai cika kai wa haka ba. A ƙara da rashin barci mai kyau saboda numfashi ta baki, da nauyin goshi da kumatu idan kogunan ƙashin fuska sun toshe, sai kai ya wuni kamar ba naka ba.

5. Ta yaya zan gane jirina daga alaji yake?

Dubi tafiyarsu tare. Jirin alaji yana zuwa a ranakun da hanci ya fi toshewa, yana sauƙi idan ya buɗe. Yana tare da cikar kunne da ke canzawa idan ka haɗiyi yawu. Ba ya kayar da mutum, ba ya sa amai. Yana bin lokaci ko wuri: bayan shara, bayan kakkaɓe katifa, lokacin sussuka da shiƙa, ko shiga ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ɗauki mako biyu kana rubuta abu huɗu kowace rana: yanayin hanci, yanayin jiri, maganin da ka sha da lokacin shansa, da inda ka wuni. Sau da yawa takardar nan kaɗai kan nuna ko hancin ne, ko ƙwayar da aka sha da daddare.

6. Na sha Piriton, atishawa ta tsaya, amma jiri ya ƙaru. Me ya faru?

Histamin ba a hanci kaɗai yake aiki ba. A ƙwaƙwalwa yana cikin sinadaran da ke riƙe mutum a farke. Tsofaffin magungunan alaji, wato kulofeniramin da ke cikin Piriton da purometazin da ke cikin Phenergan, suna ratsawa har ƙwaƙwalwa su danne shi a can ma. Sakamakon shi ne barci, jiri, bushewar baki, dishi-dishin gani da jinkirin hannu da ƙafa, kuma wanda ya sha da dare yana iya wayar gari da sauran abin a jikinsa. Ƙa'idar Piriton miligiram 4 ce duk bayan awa 4 zuwa 6, kada a wuce miligiram 24 a yini, amma ko a kan ƙa'ida yana yin wannan aika-aika. Direba, ɗan acaɓa, mai adaidaita sahu, mai hawa gini da mai aiki da injin niƙa, bai kamata su sha shi su fita aiki ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne magungunan mura na haɗe-haɗe da ake saya a kemis. Da yawansu suna ɗauke da kulofeniramin a ciki, sai mutum ya haɗa da Piriton ya sha ninki biyu bai sani ba. Suna kuma ɗauke da sinadarin buɗe hanci, sudo'efedirin ko fenilefirin, mai tayar da bugun zuciya da hawan jini da hana barci. Haka maganin ƙiba da buɗe ciki da wasu ke sha, mai sinadarin saifuroheftadin, shi ma tsohon maganin alaji ne, kuma yana sa jiri. A karanta bayan kwali kafin a haɗa magani biyu.

Sababbin magungunan ba su cika shiga ƙwaƙwalwa ba: loratadin miligiram 10 sau ɗaya a rana, setirizin miligiram 10 sau ɗaya a rana, ko feksofenadin miligiram 120. Setirizin yana sa wasu gyangyaɗi, don haka a fara gwada shi da dare. Feksofenadin da ruwa ake shansa, domin ruwan lemu ko na tuffa yana rage yawan wanda jiki zai tsotsa.

7. Wane jiri ne na alaji da ba a jira da shi?

Wanda ya zo farat ɗaya, cikin mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu bayan an ci wani abu, an sha magani ko an yi allura, ko ƙudan zuma ko rina ta harbi mutum. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne gyaɗa, kifi, jatan lande, ƙwai, madara, penisilin da danginsa, magunguna masu salfa kamar Septrin, da magungunan ciwon jiki irin su asfirin da dikulofenak. Histamin ne ya ɓarke a jiki gaba ɗaya, jijiyoyin jini suka buɗe a lokaci guda, jini ya faɗi. Tare da jirin za a ga borin jini, kumburin leɓe ko harshe ko fatar ido, shaƙewar murya, numfashi mai shessheƙa, murɗar ciki ko amai, jiki ya yi sanyi da gumi. Ba dole ne duka su bayyana ba, wani ma fatarsa ba ta nuna komai.

A kwantar da shi a bayansa, a ɗaga ƙafafunsa a kan filo ko kujera. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Idan numfashi ne ya fi wahala, a bar shi ya zauna ƙafafu a miƙe. Kada a tayar da shi tsaye, kada a ce ya taka zuwa mota: a ɗauke shi. Miƙewa tsaye a wannan hali na iya sa zuciya ta rasa jinin da za ta harba. Kada a ɗura masa ruwa ko manja ko madara.

Maganinsa allurar adirenalin ce a tsokar gefen cinya ta waje: miligiram 0.5 ga babba da wanda ya haura shekara 12, miligiram 0.3 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, miligiram 0.15 ga wanda bai kai 6 ba, a maimaita bayan minti 5 idan babu sauƙi. Piriton da haidurokotizon, maganin rage kumburi, ba sa maye gurbinta, jinkirin aikinsu ya yi yawa. Ko ya farfaɗo sarai, a bar shi a asibiti na wasu sa'o'i, domin abin kan sake dawowa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya riƙa yawo da takarda mai sunan abin da jikinsa ba ya so, ya kuma faɗa kafin a yi masa kowace allura.

8. Idan na juya a gado ko na yi ruku'u sai ɗaki ya juya na ɗan lokaci. Alaji ne?

Kusan tabbas ba shi ba ne. Wannan ita ce hajijiyar da ta fi kowace yawa, kuma dalilinta ƙananan tsakuwoyin nan na kunnen ciki da aka ambata a tambaya ta 4. Wasu daga cikinsu kan ɓalle su faɗa ɗaya daga bututu ukun. Da an karkata kai, a juya kan filo, a ɗaga kai don ɗauko kaya a sama, a sunkuya ruku'u ko a ɗago daga sujada, sai su gangara su motsa ruwan ciki, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana juyawa da sauri. Ba ta kai minti ɗaya, tana tsayawa idan kai ya natsu, ba ta rage jin kunne.

Ƙwaya ba ta mayar da tsakuwa mazauninta. Likita zai kwantar da kai da sauri kai a karkace, ya kalli rawar idanunka ya gane kunnen da abin yake, sannan ya jujjuya kanka mataki-mataki, kowane mataki kamar daƙiƙa 30, har tsakuwoyin su fita daga bututun. Dabarar Epley ake kiranta, minti kaɗan take ɗauka, kuma mutane da yawa sukan warke a zama ɗaya ko biyu. Abin takaici ne a ga mutum ya yi wata uku yana salla a zaune yana shan maganin alaji kan abin da za a gyara kafin shayi ya huce.

9. An ce ina da cutar Meniya. Tana da alaƙa da alaji?

Sunan wani likitan Faransa ne, Prosper Ménière, wanda a 1861 ya nuna cewa irin wannan hajijiya daga kunne take, ba daga ƙwaƙwalwa ba. Ruwan kunnen ciki ne ke yin yawa ya kumbura jakarsa. Hajijiyar takan ɗauki minti 20 zuwa awa 12, da amai, da ƙugi a kunne ɗaya, da cikarsa, da raguwar ji mai zuwa tana tafiya kafin daga baya ta zauna.

An lura cewa alaji ya fi yawa a cikin masu wannan cuta, kuma jakar da ke tace ruwan kunnen ciki tana da aikin garkuwar jiki. Wasu marasa lafiya kan ga tashin cutar ya ragu idan an shawo kan alajinsu. Saboda haka mai Meniya da ke da alajin hanci ya kula da shi da gaske, amma kada ya ɗauka maganin alaji ya wadatar. Ana buƙatar gwajin ji lokaci-lokaci, da rage gishiri zuwa abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya ba a yini, a lissafa har da dunƙulen magi da sinadarin taliyar leda. Ana kuma ba da shawarar rage goro da kofi da barin taba. Maganin da aka fi rubutawa, betahistin, ɗan uwan histamin ne, shi ya sa shan sa tare da magungunan alaji na iya rage aikin ɗayansu. A sanar da likita duk abin da ake sha.

10. Me ya sa abin ya fi tsananta da hunturu?

Iskar hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, tana kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ƙurar da bushewar iska suna ƙona fatar hanci ko ga wanda ba shi da alaji, ga mai shi kuma sai su zama gishiri a kan gyambo. Ga kuma rufe tagogi, da fito da barguna da rigunan sanyi da suka shekara a akwati, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da hayaƙin itace.

Ainihin masu tayar da alajin galibi a cikin ɗaki suke: wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama a katifa da filo da kafet, kashin kyankyaso, fumfuna a bangon da ke jiƙa, gashin kyanwa, da tattabaru ko kaji a tsakar gida. A wanke zanen gado da rigar filo duk mako da ruwan zafi sosai, a shanya katifa da filo a rana, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Mai alajin ya bar wa wani sharar, ko ya sa takunkumi, haka ma idan zai hau babur ranar da hazo ya sauka.

11. Yaya ake wanke hanci da ruwan gishiri?

Tafasa ruwa rabin lita, wato kimanin leda ɗaya ta fiya wata, ka bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba, ka motsa ya narke. Kada a sa kanwa. Tafasawar wajibi ce ko da ruwan famfo ne ko na leda, balle na rijiya.

Ɗebi ruwan da sirinji mai mililita 20 wanda aka cire wa allura. Sunkuya kan baho, karkata kai gefe, buɗe baki kana numfashi ta nan, sannan ka tura ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama. Zai zagaya ya fito ta ɗaya ƙofar, wani ya gangaro baki ka tofar. Yi sirinji uku zuwa biyar kowane gefe, safe da yamma. Bayan nan fyace a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya, domin fyacewa da ƙarfi na tura majina cikin bututun kunne ta ƙara toshe shi. Idan ruwan yana zafi a hanci, gishirin ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan. A haɗa sabo kowace rana. Shaƙa ruwa a alwala ma yana rage ƙura, sai dai bai kai can ciki kamar wannan ba.

12. Wane maganin feshin hanci ne ya dace?

Iri biyu ne, kuma rikita su na jawo wahala. Na farko mai buɗe hanci nan take, irin Otrivin. Cikin mintuna yake aiki, amma idan aka wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani da shi, hanci kan koma toshewa fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi, mutum ya zama ba ya barci sai da kwalba a ƙarƙashin filo.

Na biyu mai sitiroyid, irin Nasonex da Flixonase, shi ne ginshiƙin maganin alajin hanci, domin yana sauke kumburin kansa, har wanda ke bakin bututun kunne. Ga babba yawanci feshi biyu ne a kowace ƙofa sau ɗaya a rana. Ba ya nuna aikinsa ran farko, sai an jera kwanaki, cikakken amfaninsa kuma sai wajen mako biyu. Nan ne mutane ke yar da shi su ce bai yi ba. Wanke hanci tukuna, girgiza kwalbar, sunkuyar da kai kaɗan kamar mai kallon yatsun ƙafarsa. Riƙe da hannun dama ka fesa hancin hagu, da hagu ka fesa na dama, bakin kwalbar yana kallon gefen kunne, ba bangon tsakiyar hanci ba, domin fesa bangon ne ke kawo haɓo. Kada ka zuƙa da ƙarfi: idan ka ji ɗaci a maƙogwaro, maganin ya wuce inda ake son sa. Wannan feshi ba ɗaya yake da shan ƙwayoyin deksametazon ko furednisolon ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ke tayar da sukari da hawan jini.

13. Kunnena a toshe yake. In zuba masa wani abu?

A'a. Toshewar a bayan dodon kunne take, duk abin da aka zuba ko aka tura daga waje ba zai kai wurin ba. Man zaitun, ruwan albasa, tsinken auduga da gashin kaza ba abin da za su ƙara sai rauni. Ruwan sanyi a kunne ma shi kansa yana tayar da hajijiya.

Don buɗe bututun kunnen, haɗiyi yawu, yi hamma, tauna cingam. Ko ka toshe hanci da yatsu ka haɗiyi yawu. Ko ka toshe hanci, ka rufe baki, ka hura a hankali har ka ji ƙaras, ba da ƙarfi ba, kuma ban da lokacin da kunne ke ciwo ko zubar da ruwa. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, kada a jira hanci ya buɗe, duba tambaya ta 15.

Stugeron da Stemetil da ake saya don jiri suna danne sashen daidaito ne kawai. Suna da amfani kwana biyu ko uku na hajijiya mai amai, bayan haka suna hana ƙwaƙwalwa sabawa ta gyara kanta, kuma daɗewa a kansu kan jawo wa tsofaffi karkarwa da sanɗarewar jiki. Ga jirin toshewar hanci ba su da wurin zama.

14. Yara, masu ciki, tsofaffi da masu azumi fa?

Bututun kunnen yaro gajere ne kuma a kwance yake, shi ya sa ruwa ke saurin taruwa masa. Yaro ba zai ce yana jin jiri ba. Za a ga yana yawan faɗuwa, yana ƙure sautin talabijin, ana kira ba ya waiwayowa, yana barci baki buɗe. A kai shi a duba kunnen. Ba a ba wanda bai kai shekara 2 ba Phenergan, kuma kada a ba yaro maganin alaji don ya yi barci.

Mai ciki ta fara da ruwan gishiri, ta tambayi likita ko ungozomar asibiti kafin shan ƙwaya, ta kuma guji magungunan mura masu buɗe hanci. Jiri da ciwon kai da dishi-dishin gani ko kumburin fuska a rabin ciki na biyu, awon hawan jini yake buƙata a ranar. Tsoho kuwa Piriton na iya rikita shi, ya kayar da shi, ya riƙe masa fitsari idan yana da kumburin furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), ya kuma tayar da wani nau'in hawan jinin ido. Mai azumi zai iya shan loratadin ko setirizin da buɗa-baki ya yi feshinsa da dare, tun da sau ɗaya ne a yini. Jirin la'asar a watan zafi ya fi kama da ƙarancin ruwa.

15. Waɗanne alamu ne ke nuna a tafi asibiti yanzu?

Jiri ko hajijiya tare da ɗaya daga waɗannan: karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ganin abu biyu-biyu, kasa tsayuwa ko zama ba tare da an riƙe mutum ba, ko sabon ciwon kai mai tsanani. Waɗannan alamun shanyewar ɓarin jiki ne, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari. Haka ciwon ƙirji, bugun zuciya ba tsari, suma, baƙin bayan gida, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko kunne mai zubar da ruwa da ya haɗu da hajijiya. Ɗaukewar ji farat ɗaya a kunne guda ita ma gaggawa ce, domin maganinta ya fi aiki a kwanakin farko. Sai kuma duk abin da aka lissafa a tambaya ta 7.

16. Hanci ya buɗe amma jiri bai tafi ba. Sai me?

Kunne kan yi jinkirin bin hanci, ruwan da ya taru yana iya ɗaukar makonni kafin ya janye. Amma idan an yi mako 4 ana wanke hanci ana feshi yadda ya kamata, an kuma bar magunguna masu sa barci, jiri na nan, to a nemi dalilinsa a wani wuri. A auna hawan jini a kwance, a sake aunawa bayan an miƙe tsaye cikin minti 3: faɗuwar lambar sama da maki 20 ko ta ƙasa da maki 10 na nuna matsalar daga nan take, sau da yawa saboda maganin hawan jini ko ƙarancin ruwa. A duba yawan jini, sukari da zazzaɓin cizon sauro. A tuna ko an yi allurar jentamaisin ko siteraftomaisin, ko an sha kwinin, domin suna taɓa kunnen ciki. Mai ciwon ɓarin kai ya faɗa, domin akwai nau'insa da ke zuwa da hajijiya daga minti 5 har kwana 3, wani lokaci ba tare da ciwon kan ba, kuma yana iya haɗawa da toshewar hanci har a ɗauka alaji ne.

A sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, za a leƙa dodon kunne, a auna matsin da ke bayansa da na'ura, a yi gwajin ji, a yi gwajin juya kai na tambaya ta 8. Don gano abin da ke tayar da alajin, ana ɗiga ruwan abubuwan da ake zargi a fatar hannu a ɗan tsaga wurin, a duba bayan minti 15 zuwa 20 ko ya tasa, ko kuma a auna IgE a jini. Gwajin fata ba ya fitowa daidai idan akwai maganin alaji a jiki, don haka a tambayi kwana nawa za a dakatar da shi kafin ranar, a kuma tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha da takardar nan ta mako biyu.